Na Mayar Miki da Ƙasarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Ladi. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, da fatan Allah Ya ƙara sanyaya makwancinki.

Ni ne Audu, ɗanki baduku. Kin san ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Zainabu jikarki ce ke riƙe da biro, ni ke faɗa. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina ko da ranta bai so, domin a kan maganar nan kwana uku ke nan ba ta gaishe ni ba.

Inna, Haruna ɗana, ƙanen Zainabu, ya ɓata. Mako bakwai yau. Tun da garin nan na Alƙahira ya birkice ake kafa shinge a hanya. Ya shiga mota daga unguwarmu, Arba wa Nus, zai tafi wurin aiki, aka sauke shi a wani shinge, ba wanda ya sake ganinsa. Na bi ofisoshin hukuma na Wustul Balad, can tsakiyar gari, har takalmina ya tsinke. Kowa ma'alish, wato ka yi haƙuri, kowa ka dawo gobe.

Akwai wani makaɗi, Ramon, baƙin mutum kamarmu, daga ƙasar Kuba can bayan teku. Ni ke ɗaure masa fatar ganguna. Kakanninsa bayi ne da aka kwasa daga ƙasashenmu. Yana ajiye kofin ruwa a kan farin ƙyalle domin mamatansa, kowace safiya ya kira sunayensu. Uku kaɗai ya sani. Ranar da na jero masa namu har tara, tun daga Haɗeja, sai da ya yi hawaye.

Da ya ji labarin Haruna sai ya kai ni ɗakinsa. Ya buɗe wani kabad, ya yi wa abin da ke ciki sallama kamar yadda ake yi wa mutum. Tukunyar ƙarfe ce, Inna, cike da itatuwa da ƙasa da ƙusoshi da ƙashi. Ya fesa mata giya da baki, ya busa mata hayaƙin taba. Ya ce sunan aikin nasu Palo. Mamaci ne zaune a ciki, an ƙulla alkawari da shi, a ba shi jinin zakara, shi kuma a aike shi. Sai dai nasa mamacin baƙo ne a Masar, bai san Haruna ba. In na kawo ƙasar kabarinki tafi ɗaya aka zuba a tukunyar, ke za ki nemo jikanki, domin jini ba ya ɓace wa jini.

Ba zan ɓoye miki ba, na je. Da rana tsaka na faki idon mai gadin maƙabarta, na ɗebo daga wajen kanki, na ƙulle a hankici. Ni da nake salla a sahun gaba.

Da na koma ya buɗe kabad, sai idona ya sauka a kan sarƙar da aka naɗe tukunyar da ita, har da kwaɗo. Zuwan farko ban lura da ita ba. Na tambaya. Mutumin bai yi mini ƙarya ba, wannan na shaide shi. Ya ce wanda ya shiga ba ya fita. In shi ya mutu, almajirinsa ne zai gaji tukunya da masu aikin cikinta.

Sai na tuna hannuwanki. Tsinkar auduga a Jazira, wankau a Hartum, goge matakalar benayen mutane a nan Alƙahira, da hajjin da kika fito dominsa da ƙafa, ba ki taɓa isa ba. Na tuna abin da kike cewa kina matse tsumma: "Ranar da na kwanta, kada wanda ya tashe ni, ko gobara ake." Dariya muke yi a lokacin.

Na mayar da hankicina aljihu. Ramon bai ja ba, ya rufe kabad ɗinsa ya rako ni har ƙasa.

Zainabu ta ce taurin kaina zai kashe mata ɗan'uwa. Ta ce ke kin riga kin tafi, Haruna kuwa wataƙila yana numfashi a wani ɗaki, yana jiranmu. Ta ce da za a tambaye ki, da gudu za ki shiga tukunyar nan. Na san gaskiya ta faɗa, Inna. Shi ya sa ban tambaye ki ba.

Yau da hantsi na mayar miki da ƙasarki. Na danna ta da tafin hannu, na yayyafa ruwa. Ɗan abin da ya maƙale a hankicin ma ban kakkaɓe ba, na binne shi gaba ɗaya. Ki yafe mini na taɓa ki.

Gobe zan sake bin ofisoshi, na ɗinke takalmin. In Haruna bai dawo ba, ni zan ɗauki wannan kaya har in zo in same ki. Ke dai kwanta, Innata, ba mai aiken ki.

Allah Ya yafe mini tafiyar da na yi. Allah Ya bayyana mana Haruna da ransa, Ya huce zuciyar mai rubuta wannan. Allah Ya kwance duk wanda ke ɗaure, na sama da na ƙasa. Allah Ya sa Aljanna ce makomarki, amin.

Ɗanki mai taurin kai, kamar yadda kika bar shi,
Audu Baduku.