Rasuwar Dakta Rebeka Na'Allah, Mai Neman Maganin Ciwon Zuciya

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Masu Binciken Tsirran Magani ta Ƙasar Kontagora, a ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Alhaji Farfesa Nuru Mashegu, ta samu labarin rasuwar Mataimakiyar Shugabanta, Uwargida Dakta Rebeka Haggai Na'Allah, 'yar asalin Dukku, wadda ta cika a asibiti nan Kontagora ranar Talatar da ta gabata, sakamakon raunukan da ta samu sa'ad da babur ɗin da ya ɗauko ta ya kife a hanyar Nasko, tana dawowa da buhun saiwoyi da ɓawon itace da ta karɓo daga masu maganin ƙauye.

Marigayiyar ta tashi babu uwa, domin mahaifiyarta ta rasu da kumburin zuciya jim kaɗan bayan haihuwar ƙaninta, cutar da har yau take kwashe masu jego a ƙauyukanmu. Wannan ne ya sa da ta kammala karatu ta ƙi aikin da aka yi mata tayi a manyan birane, ta dawo ta buɗe ɗan ɗakin bincike a bayan ofishin ƙungiyarmu, inda take tatso ruwan zoɓo da zogale da ɓawon marke, tana neman sinadaran da ke kare tsokar zuciya daga lalacewa, tana gwada su a kan fararen ɓeraye. Ba sau ɗaya ba wuta ta ɗauke, abin da ta tara a firji ya lalace, zafi ya kashe ɓerayen, ta share hawaye ta sake farawa.

A bara ta shaida mana cewa zuciyar ɓerayen da ta shayar da haɗinta ba ta ji rauni kamar ta sauran ɓerayen da ba su sha ba. Nan take masu magani, har da wasu daga cikinmu, suka matsa mata a zuba shi a kwalba a kai kasuwa. Amsar da ta ba mu a taro ita ce: "Iyayena, ku yi haƙuri, ɓera ba mai jego ba ne. Ba zan ba 'yar wani abin da ban tabbatar ba." Wasu sun daina gaishe ta saboda wannan, amma ba ta sauya ba.

Ba za mu yaudari jama'a ba. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da ke da horon ci gaba da aikinta, ɗalibanta kuwa duk sun bar gari neman abinci, yawancin dazuzzukan da take samo tsirrai ma ba sa shiguwa yanzu saboda 'yan bindiga. Majalisar ƙungiya ta yanke shawarar rufe ɗakin. Mazajen da ke zuwa daga karkara suna tambaya ko maganin ya fito, muna roƙonsu su kai matansu asibiti da wuri, domin ba mu da abin da za mu ba su.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Dattijo Haggai Joshua, da 'ya'yanta Success da Godspower, da 'yan'uwanta na ikilisiya, da ɗaukacin al'ummar Dukku. Allah Ya ba su haƙuri da ƙarfin ɗaukar wannan rashi, Ya raya abin da ta bari, Ya dubi matan da suke jiranta.

Malam Muntasir Jumare
Sakataren Watsa Labarai
Ƙungiyar Masu Binciken Tsirran Magani ta Ƙasar Kontagora