Kyanwar da ke Lashe Kofin Tsohuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ciwon ƙafarta? Ya yara? Ni lafiya lau, jinyar tsohuwar nan ba wuya, barci ne kawai ba ya isata.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Tsohuwa tana da kyanwa, kullum ita ke lashe ragowar madararta. Kwanan nan kyanwar ta rikice: ta yi ta zagaye wuri ɗaya, ta yi karo da ƙafar kujera, ta tsaya kallon bango kamar baƙuwa a gidan. Surukar tsohuwa ta ce, "Tsufa ne, ke dai yi aikinki." Tsufa, a kyanwar da makon jiya take tsalle saman firji?

Sai na lura, tun da matar nan ta karɓe haɗa madarar daga hannuna, tana rufe ƙofar kicin, ita ma tsohuwa ta koma sambatu, tana kirana da sunan ƙanwarta da ta rasu.

Kwana biyun nan ina zubar da kofin a ɓoye, in haɗa wani. Yau kyanwa ta haye firji, tsohuwa ta nemi tabaraunta. Matar ta dube su, ta dube ni. Fasfona kuwa yana ɗakinta.

Kada ki gaya wa Inna. Ki ce kawai ina neman addu'a.

Ƙanwarki