Rakiya, Baba Yana Zuwa Zauren Duk Juma'a

Zuwa ga aminiyata Rakiya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan saƙo ya iske ki lafiya, ke da maigidanki da yara, a can Legas. Na rubuta shi a nan inda kowa zai gani ne domin tun ranar da muka sayi gidanku na Faskari ba ki ƙara ɗaukar wayata ba. Ban yi fushi ba. Amma na san kina leƙa shafina ko ba ki ce komai ba, kuma akwai abubuwan da ya kamata ki ji daga bakina.

Kin san yadda aka yi. 'Yan bindiga suka ɗauke Yaya Kabiru a hanyar gona, aka yi ta jira ba labari. Inna ta kwanta, ba ta tashi ba. Dangi suka ce a sayar da gidan, Baba ya koma wurin ƙanwarki Hinde a Daudawa. Abin da wataƙila ba ki sani ba shi ne, wanda ya fara tayawa so yake ya rushe shi ya jera shaguna. Ni na matsa wa Malam, maigidana, har muka saya. A gidan nan na koyi kitso, a nan Inna ta wanke mini kai ranar da na faɗa kwata ina tsoron komawa gidanmu. Na ɗauka za ki ji daɗi. Hinde ce daga baya ta faɗa mini kin ce gara a ce baƙo ne ya saya, don baƙo ba za ki riƙa hango shi a ɗakin Inna ba.

Da kin ga yadda muka iske shi, da kin yi kuka. Katangar baya ta zube. Gara ta cinye azarar shigifa. Indararo sun toshe, ruwa ya kwanta bisa soro har ya huda rufin. Ganyen bishiyar bedin tsakar gida ya taru ya ruɓe, ƙafa na nutsewa a ciki.

Malam ya so a tayar da komai da bulo a rufa kwano a huta. Muka yi ta ja, har muka daidaita: ɗakunan baya a yi su da bulo, amma zaure da shigifa da ɗakin Inna a gyara su da ƙasa kamar yadda kakanku ya gina. Muka samo wani dattijon magini daga Pauwa. Azara ce ta ba mu wahala, don yanzu ba mai shiga daji saran giginya. Sai da muka ji ana rushe wani tsohon gida a Ƙanƙara muka je muka sayo tasu.

Ranar da aka kwaɓa makuba za a shafe bangon zaure, warinta ya cika gidan. Na tsaya a tsakar gida riƙe da tsintsiya, wallahi Rakiya sai na ji kamar in na juya zan ga Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Ban juya ba. Har yau ba na iya shiga ɗakinta ba tare da sallama ba, kuma in na yi sai na ɗan dakata. Akwai wurin da daɓen ya lotsa, inda take shimfiɗa dardumarta. Masu aiki sun so su cike shi, na hana.

Ana cikin aikin ne Baba ya fara zuwa. Wata Juma'a da hantsi, an cire tsohon ƙyauren zaure, mai manyan kusoshin nan, za a sa ƙofar ƙarfe. Sai ga shi a bakin lungu da sandarsa. Ashe mota ya hau daga Daudawa bai gaya wa kowa ba. Ya dubi ƙyauren a jingine da bango, ya ce, "Wa ya ce ku cire? In yaron nan ya dawo, da me zai gane gida?" Malam ya sa aka mayar da shi. Ƙofar ƙarfen tana nan a baya har yanzu, kaji na hawa kanta.

Da ya zauna ya huta, ya ɗaga kai ya gan ni a ƙofar shigifa. Ya ce, "Rakiya, ɗebo mini ruwa." Hinde ta riga ta gaya mini kansa ya fara rikicewa, amma ban taɓa zaton haka ba. Na buɗe baki zan ce Saude ce, Baba. Sai kawai na je na ɗebo.

Tun daga ranar, duk Juma'a sai ya zo. Hinde ta gwada hana shi, ya daina cin abinci. Yanzu da kanta take sa shi a motar wani direba da ta sani. Yana isowa zai shimfiɗa buzunsa a zaure ya fuskanci lungu. Kafin ma a gaisa zai ce, "Kabiru ya shigo?" In ce bai shigo ba, Baba. Sai ya ce, "To, yana bisa hanya."

Abin ya shige ni nima. Ina daka ko wanki, in na ji takun namiji a lungu sai hannuna ya tsaya. Na kama kaina ina rage tuwo a tukunya ba tare da na san wa nake rage wa ba. Yarana sun daina guje-guje a zaure, kuma ba wanda ya hana su.

Zancen mutumin da ya zo bayan kaka kuwa, na san Hinde ta ba ki labari a waya. Amma ita ba ta wurin. Ni ina bayan ƙofar shigifa, komai a kunnena aka yi.

Mutumin wajen Sabuwa ne, ramamme, yana ɗingishi. Ya yi ta bin unguwa yana tambayar gida mai bedi a tsakiya da ƙyaure mai kusoshi, har aka kawo shi. Tare aka tsare su da Yaya Kabiru a daji. Ya ce in zaman ya ishe su, Yaya kan riƙa zagaya da shi gidan nan da baki, daga zaure zuwa shigifa, zuwa rijiya, zuwa inda randar Inna take. Ya ce da ya shigo sai ya ji kamar ya taɓa kwana a nan. Zazzaɓi ne ya kama Yaya da damina, ya rasu. Mutumin ne ya roƙa aka bar shi ya haƙa masa kabari, shi ya yi masa salla.

Malam ya roƙe shi ya dawo ran Juma'a, aka kira liman. Baba ya saurara tun daga farko har ƙarshe, bai katse shi ba. Ya ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sannan ya tambaya, "An fuskantar da shi alƙibla?" Mutumin ya ce an fuskantar. Baba ya ce, "To, alhamdu lillahi." Ranar hankalinsa garau yake kamar da. Maƙwabta suka shigo suka yi masa gaisuwa a zauren, ya amsa wa kowa da sunansa. Na ce a raina, Allah Ya kawo ƙarshen jira.

Juma'ar da ta biyo baya sai ga shi ya sauko daga mota. Ya shimfiɗa buzu, ya ce, "Kabiru ya shigo?"

Na durƙusa na gaya masa gaskiya. Rakiya, kuka ya yi irin na wanda bai taɓa ji ba, kafaɗunsa na rawa, yana kiran sunan Inna wai ta fito ta ji. Na rantse ba zan sake ba. Yanzu in ya tambaya sai in ce bai shigo ba, don ba ƙarya na yi ba. In ya ce yana bisa hanya, sai in tura masa kwanon fura. Ban sani ba ko daidai nake yi. Ke ce 'yarsa, ke ya kamata ki gaya mini.

An gama aikin gidan. Zankwayen soro sun miƙe, rufi ba ya yoyo, har mutane kan tsaya su ɗauki hoto. Suna ce mini na yi dace. Ni kuwa har yanzu in an tambaye ni inda nake zaune, gidan su Rakiya nake cewa.

Ga abin da ya sa na kasa ci gaba da jira ki ɗauki waya. Ƙafafun Baba sun fara kumbura, sai an kama shi yake sauka daga mota. Wannan Juma'ar da ta wuce, na kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya daɗe yana kallona. Sai ya ce a hankali, "Ɗiyata, muryarki ta canza." Na ce mura ce, Baba. Ya ce Allah Ya sawwaƙe. Amma da na tashi zan shiga ciki, na ji idonsa na bina har na ɓace.

Ki zo, Rakiya. Ba sai kin shiga ɗakin Inna ba, ba sai kin yi mini magana ba ma. In ganina ne ba ki so, zan tafi gidanmu in wuni. Ki tsaya iya zaure, ki ɗebo masa ruwa da hannunki, ya kira sunanki ki amsa da muryar da ya sani.

Allah Ya jiƙan Inna, Ya jiƙan Yaya Kabiru, Ya haskaka kabarinsa a can inda ba wanda zai iya kai masa ziyara. Allah Ya sassauta wa Baba, Ya kawo mana zaman lafiya a ƙasarmu, Ya dawo da duk wanda ake jira. Ke kuma Allah Ya sanyaya miki zuciya, Ya kawo ki lafiya tun Baba yana da sauran gane ki. Amin.

Taki har kullum,
Saude