Bahago a Kan Gada

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Kwana arba'in da huɗu da rasuwar mijina. Ina neman takardun fanshon Suhail a durowa sai hannuna ya faɗa kan littafin wasan. Mai bangon kore, wanda ya sa aka kawo mana daga waje bara. Ban buɗe ba. Na mayar, na ɗora masa zanen gado.

Alhamis, 19 ga Yuni

Annabel ta zo daga Wusasa bayan an tashi makaranta. Ta ce ɗalibaina suna tambayar yaushe Malama Tayyiba za ta dawo. Na ce sai na fita takaba. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa ta ce, "Wasan fa?" Na ce wane wasa. Ta ba ni haƙuri har sau uku, ni kuma na ji kunyar yadda na yi mata.

Wata bakwai muna yi, duk Asabar bayan azahar, a ɗakin nan. Ni ke ba da labari, su huɗu kowa da mutumin da yake riƙe da shi a ciki, rubuce a takardarsa: Suhail, ƙanwarsa Fa'iza, ƙanena Abdulwahab, da Annabel. Su faɗi abin da za su yi, a jefa dayis irin na ludo, ni in faɗi abin da ya biyo baya. Littafin na Turawa ne, da dusar ƙanƙara da gumaka. Ni na zauna na juye shi. Fadar dutse ta koma birni mai ganuwa, gumakan na cire su gaba ɗaya, ƙaton ƙadangaren mai aman wuta ya zama dodon rijiya. Suhail ya ce na fi marubutan iyawa. Ƙarya yake, amma na ji daɗi.

Nasa mutumin Bahago, maƙeri. Mun tsaya ne suna kan gadar igiya, 'yan fashi gaba da baya, kuma shi ne zai yi motsi. Ya juya dayis a hannu ya ce, "A bar ni in yi tunani, sai Asabar." Asabar ɗin ya tafi Kaduna ɗaurin aure, bai dawo ba.

Asabar, 5 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban yi komai ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Na buɗe littafin. A shafin farko an rubuta cewa labarin na mutum huɗu ne. Akwai ɗan bayani a ƙasa: idan 'yan wasa uku ne, a rage abokan gaba, a ƙara magani a hanya. Layi biyu kawai. Haka suka gama da maganar.

Na ɗauki fensir na mayar da 'yan fashin daga takwas zuwa shida. Sai na goge. Takardar har ta huje.

Lahadi, 3 ga Agusta

Abdulwahab ya kawo min tuwon Mama daga Kusfa, ya tarar da Fa'iza a nan. Shi da bakinsa da ba ya jira, ya ce, "Yaya, ai sai in riƙe Bahago tare da nawa, na san yadda yake faɗa." Fa'iza ta miƙe. Ta ce, "Wallahi kar ka taɓa takardarsa." Ta fita tana kuka, ko mayafi ba ta gyara ba.

Ba da mugunta ya faɗa ba. Na sani. Amma da ba ta riga ni ba ni ma abin da zan ce ke nan.

Bayan sun tafi na gwada muryar Bahago ni kaɗai. Suhail yakan ja magana a hankali, ya ce "to, to, to" kafin komai. Na kai "to" na biyu.

Talata, 12 ga Agusta

Littafin ya ba da shawarar abin da za a yi in ɗan wasa ya daina zuwa. A kashe mutuminsa cikin jarumta, ko mai ba da labari ya riƙe shi. Ba zan kashe shi ba. Sau ɗaya ya isa.

Juma'a, 22 ga Agusta

Inna, mahaifiyar Suhail, ta shigo ta same ni da takardu baje a tabarma. Na yi sauri zan tattara, don tun farko ba ta son abin, ta taɓa ce wa ɗanta caca muke yi a gidanta. Sai ta ce, "Bar su, 'yar nan." Ta zauna a bakin gado, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauki takardar Bahago, ta gane rubutunsa. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Shi wannan ɗin, me yake yi a ciki?"

Na gaya mata. Yadda kowa zai zaro takobi shi kuma ya ce a tsaya a gaisa tukuna. Yadda ya ɓata mana Asabar guda yana gyara wa wata tsohuwa ƙofa, tsohuwar da ma ba ta cikin littafin, ni na ƙirƙiro ta don in nuna musu hanya. Yadda ya tambayi dodon rijiya ko yana da 'ya'ya.

Inna ta yi dariya, sai dariyar ta juye. Ta ce, "Haka yake tun yana ƙarami. A aike shi sayen gishiri ya dawo da labarin mai gishirin." Muka zauna har aka kira la'asar. Da za ta fita ta ce in sun zo wasan in gaya mata, za ta dama fura.

Asabar, 6 ga Satumba

Mun yi. Asabar ta ƙarshe ce a ɗakin nan, mako mai zuwa zan gama takaba in koma Kusfa. Na ce in ba yau ba, ba zan iya ba.

Ban rage 'yan fashin ba. Na ce musu shugabansu ya ɗaga hannu, takobinsa ya karye, ya ji labarin akwai maƙeri a cikinsu. Garinsu a tsallake yake, shekara uku ba su da maƙeri, garmunansu duk sun lalace, shi ya sa suka shiga fashi. In Bahago zai zauna da su, sauran su wuce lafiya.

Abdulwahab yana kallon ƙasa. Annabel ta ce, "Zai yarda. Kun san zai yarda." Fa'iza ta ce tana so mutuniyarta ta yi masa sallama. Na ce bismillah. Ta buɗe baki ta ce, "Yaya," sai ta kasa. Muka bar ta. Can ta ce, "A rubuta na ba shi butata ta ruwa." Na rubuta.

Suka tsallake gadar su uku. Furar Inna ba wanda ya iya sha sai Abdulwahab, shi ma rabi.

Alhamis, 11 ga Satumba

An kwashe kaya. Takardar Bahago na bar wa Inna, ta sa a cikin kwallarta. Har bakin Ƙofar Kibo ta rako ni da ƙafa, duk da ciwon gwiwar.

Asabar, 27 ga Satumba

Kusfa, tsakar gidanmu, ƙarƙashin dalbejiya. Babi na shida bai yi min ba, kogo ne mai ɗaki goma sha biyu, faɗa bayan faɗa. Na watsar da rabinsa na sa kasuwar aljanu inda ba a ciniki sai da sirri. Abdulwahab ya sayar da sirrin Annabel don ya sayi jaki, jakin kuma ya fi shi baki. Ban san lokacin da dariya ta ƙwace min ba, har Mama ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. Na haɗiye dariyar nan take. Ta kalle ni, ta koma.

Na dai san abu ne da zan so in ba Suhail labarinsa. Wannan bai ragu ba.

Fa'iza ta tambaya ko akwai Asabar mai zuwa. Na ce zan duba, aikin makaranta ya yi yawa. Ban gaya musu na zana taswirar gari na gaba tun ranar Laraba ba.