Kai Ka Raɗa Wa Idrisu Suna

Zuwa ga Baba Alhaji, Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwarmu Hausawa a Libreville.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ni ce Rabi mai ɗinki ta unguwar Akébé, 'yar marigayi Malam Sani abokinka. Sau uku ina zuwa gidanka ana ce mini kana hutawa, shi ya sa na rubuta a fili kowa ya karanta.

Na ɗaya. Tun da aka karya darajar kuɗin sefa 'yan sanda suke samamen baƙi. Kowa ya san al'adarmu: in an kama namu, shugaba ke zuwa komisariya, ofishin 'yan sanda, ya nuna shi ya ce namu ne, ya sa hannu, a sake shi. Ranar Talatar makon jiya aka kwashi mutane a kasuwar Nzeng-Ayong, har da ƙanena Idrisu. Ka je Laraba, ka fito da kowa. Da ka zo kan Idrisu ka dube shi ka ce ba ka san shi ba. Waɗanda ka fitar ne suka gaya mini, kansu a sunkuye.

Na biyu. Ba zan ɓoye abin da kowa ya sani ba. Idrisu ɗan wasa ne. Yakan shafe jikinsa da farar ƙasa, ya sa rigar da rabinta ta maza ce rabi ta mata, ya tsaya a bakin kasuwa ko uffan ba ya cewa. Ni na ɗinka rigar. Ta ranar Talata da buhunan shinkafa na yi ta, shinkafar da ta gagari talaka. Ya kuma faɗa da bakinsa cewa maza yake so, kuma shekara da shekaru yana kare irinsa da ake duka ana kora daga gidajen haya. Mun yi faɗa da shi a kan wannan har na yi wata biyu ba na amsa gaisuwarsa. Amma duk wanda aka kama danginsa suka ƙi shi, Idrisu ke zuwa ya tsaya masa. Yau kwanansa tara a kulle, babu mai tsaya masa.

Na uku. An ce Asabar za a zuba waɗanda ba su da mai shaida a jirgin ruwa zuwa Najeriya. A nan Libreville, a unguwar Derrière la Prison, aka haifi Idrisu. Bai taɓa taka Kano ba, Hausarsa ma rabi Faransanci ce. Na kai takardar haihuwarsa, suka ce sa hannun shugaba suke jira. Wallahi tsoro nake ji, Baba.

Roƙona ɗaya ne. Ban ce ka yarda da rayuwarsa ba, ban ce ka je kallon wasansa ba. Ka je komisariya kafin Asabar ka gyara maganarka, domin ƙarya ce. Ina 'yar shekara takwas, ina laɓe a bakin ƙofa, na ga ka karɓe shi daga hannun babanmu ka raɗa masa suna a kunne. Sunan nan kawai nake so ka maimaita, wannan karon da ƙarfi, a gaban kwamishina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja kwana, ya sa ranar da za ka nemi mai shaidarka ka samu.

Wassalam.

'Yarka,
Rabi Sani