Mutanen Baba na Bakin Titi

Litinin, 3 ga Maris
Baba ya sake ba ni kunya a bas. Ya kama wani bawan Allah da hira, har da tambayar ciwon ƙafarsa. Sunana ma ɓace masa yake yi yanzu, amma surutu na nan daram. Na ce, "Baba, ka san shi ne?" Ya ce, "Yanzu ai na san shi." Ni kam na ja bakina na tsuke. Mutum ba abin yarda ba ne.

Laraba, 5 ga Maris
Ina wurin aiki Baba ya fita. Ba waya, ba maganinsa. Ya Allah.

Alhamis, 6 ga Maris
Jiya na tsaya a tasha da hotonsa a waya. Wa zan tambaya, ni da ko gaisuwa nake ƙyashi?

Dole ta sa na tunkari mai gyaran takalma. Kallo ɗaya ya yi: "Ai Babanmu ne! Ya tambayi jikin 'yata, ya yi can." Mai shara ta ce ta ba shi ruwa, ta tsallakar da shi titi. Ta jingine tsintsiya ta raka ni wurin mai jarida, shi kuma ya nuna shagon aski. Ikon Allah! Kowa ya san shi, ni ce baƙuwar.

Na sami Baba a kujera, kumfa har kunne. Mai askin ya rage murya: "Yaya, na ga ya rikice, ina tsoron ya fita ya ƙara gaba. Tun hantsi nake masa aski. Gashi ya ƙare, kumfa kawai nake shafawa."

Baba ya hango ni ta madubi ya ce, "Ga 'yata. Ba ta magana, amma ta fi kowa zuciya."

Na yi kuka a gaban mutane, ban ji kunya ba.

Asabar, 8 ga Maris
Kan Baba sai ƙyalli. Ina kallonsa ina mamaki.

Talata, 11 ga Maris
Wata tsohuwa a bas tana ta murza gwiwa. Ba hira na yi ba fa, tambaya ɗaya ce: "Mama, ciwo take yi?"

Sai da na wuce tashata da biyu.