Tafintar Sa'adatu

Gyaɗi-Gyaɗi

Malama Clementina, ta kwamitin kare haƙƙin majinyata,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki? Ni ce Kulu, uwar Sa'adatu, kurmar da ke kwance a ɗakin mata na asibitin Tarauni. Ki yi haƙuri da rubutuna, da girmana na koya, saboda ita.

An ce ke kika tsayar da tiyatarta sai an kawo tafinta. Malama, tun tana goye ni ce kunnenta, ni ce bakinta. Da likita ya ce ciwon ƙari ya ci mahaifarta, sai an cire, na nuna mata da hannu cewa ɗan wanki ne kawai. In ta sani ba za ta yarda ba, ga shi an sa ranarta da Lawan. Jinin da take zubarwa kuma bai tsaya ba. Don girman Allah ki bari a yi.

Ki huta lafiya.
Kulu

Tarauni

Hajiya Kulu,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya mai jiki? Na san ƙauna ce ta sa ki. Amma da Sa'adatu tana ji, ita likita zai tambaya, ba ke ba. Rashin ji bai rage mata wannan haƙƙin ba. Likita ya tabbatar mini jikinta zai jure zuwa Alhamis. Gobe tafinta za ta zo, mace ce, daga makarantar kurame. Ba zan ɓoye miki ba, Sa'adatu tana iya ƙin tiyatar.

Allah ya ba ta lafiya.
Clementina

Gyaɗi-Gyaɗi

Malama,

Ina gaisuwa. Jiya bayan tafinta ta gaya mata gaskiya, na kai mata kunun gyaɗa, tana ganina ta rufe ido. Kurma in ta rufe ido ta kulle ƙofa ke nan. Na yini a bakin gado, ba ta buɗe ba. Gobe Alhamis. In 'yata ta mutu tana fushi da ni, ke da Allah.

Kulu

Tarauni

Inna,

Ina gaishe ki. Na san komai. Na yi kuka, na yi wa likita tambayoyi, ya amsa yana kallona. Na yarda a cire. Lawan ni zan gaya masa da kaina.

Ki zo da safe. Kada ki fassara komai. Ki riƙe hannuna kawai.

'Yarki,
Sa'adatu